Gidanmu Ba Ya Riƙe Maza

4 ga Fabrairu

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da duk wanda ke tare da ke. Na san za ki juya ambulan ɗin nan ki ce wace ce kuma wannan. Ni ce 'yar Yayarki ta biyu. Kakata da mahaifiyarki uwa ɗaya uba ɗaya suke. Sau ɗaya kika taɓa ganina, ina 'yar shekara shida, ranar da kika zo gidanmu kika ɗinke mini hannun jakar makaranta. Yanzu ni ma makaranta nake koyarwa, aji uku.

Na san labarin rasuwar Umma bara ya iso miki. A cikin gwangwanin maɓallanta na tsinci adireshinki. Ta sha gaya mana ƙarar injunan wanki na otal ta cinye miki kunne, waya ba ta yi miki amfani, shi ya sa na ɗauko biro.

Inna, ina da ɗa namiji, watansa goma sha ɗaya. Manaja muke ce masa, don shi ke tsara wa kowa lokacin barci da na tashi a gidan nan. Lafiya lau aka haife shi. Yana wata uku ya fara jijjiga. Har yau wuyansa bai tsaya ba, in ka ɗauke shi kamar ka ɗauki jiƙaƙƙen tawul. Kumatunsa sun zubo, jikinsa ba ya riƙe ɗumi. Gashin kansa fari-fari ne, ga kaushi, yana kakkaryewa a kan matashi. Amma yana gane muryata, kuma in babansa ya yi atishawa sai ya yi murmushi.

Mun zaga asibiti huɗu kafin mu faɗa hannun wata likitar yara da ta sa gashinsa a madubin gwaji, ta ɗebi jininsa da nawa ta tura wani ɗakin bincike mai nisa. Sakamako ya dawo. Ta ce ciwo ne da ba kasafai ake ganinsa ba, kuma daga wajen uwa yake. Ta ɗauko takarda tana zana danginmu, mata da'ira, maza murabba'i, tana tambayata su wa suka rasu suna ƙanana. Ban san ko ɗaya ba. Sai na tuna Umma ta taɓa cewa kin ga irin wannan da idonki, kuma kin san dalili.

Don Allah ki gaya mini gaskiyar abin da ya faru. Ba ni da wanda zan tambaya sai ke.

Taki,
'yar Yayarki


1 ga Maris

'Yata,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso. Ina lafiya, sai gwiwa da ke yi mini gardama in hadari ya haɗo. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya ba yaron lafiya.

Na sa tabarau na karanta takardarki sau uku, ko zan ga na yi kuskure. Ban yi ba. Shekara ashirin da wani abu babu wanda ya taka ƙafa ya zo ya ga ko ina raye, ranar da aka tuna da ni kuma sai aka zo da tuhuma. Daga wajen uwa yake. Na san dalili. In faɗi gaskiya. Wannan magana na ji ta tun kafin a haife ki, daga bakin mutanen da suka fi ki iya faɗarta. Ban zaci Yaya ma haka take kallona ba, har ta bar wa 'ya'yanta wasiyya.

Abin da ya wuce ya wuce, na binne shi, ba kuma zan tono shi don wata likita ta sami abin zanawa ba. Ke malama ce, kin san ba a fama tsohon miki a ce gaisuwa aka zo yi.

Ni yanzu abin da ke gabana Auta ce. Ita kaɗai Allah Ya bar mini, tana gidan mijinta, tafiyar yini guda daga nan, ga ta da cikin fari. Ba na son wata baƙar magana ta je kunnenta a wannan hali. Ina roƙonki kada ki neme ta.

Ki riƙa lulluɓe yaron da kyau, ki sa masa safa ko da ana zafi. Irinsu sanyi yake kama su ta ƙafa.

Innarki


9 ga Maris

Inna,

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafara. Allah Ya sawwaƙe gwiwa. Wallahi ban rubuta don in tuhume ki ba. Umma ba ta taɓa ambatonki da mugun abu ba. Cewa ta yi, "Innarku ta ga abin da ya fi ƙarfin mace ɗaya." Ni ce ban iya jera magana ba.

Bari in faɗa yadda likitar ta faɗa mini. Kowane mutum yana ɗauke da ƙwayoyin gado a jikinsa, su ne ke tsara yadda jiki zai ginu. A cikinsu akwai wadda aikinta shi ne raba wani sinadari, ɗan mitsitsin jan ƙarfe da ke cikin abinci, ta kai shi ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da gashi. Mace tana da irin wannan ƙwaya guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In ɗaya ta sami tangarɗa, ɗayar sai ta rufa mata asiri, ta rayu lafiya ba ta san komai ba. Namiji kuwa guda ɗaya tak gare shi, daga uwarsa. In ya dace da mai kyau, shi ke nan. In ya ɗauko mai tangarɗar, babu mai rufa masa.

Abin da "daga wajen uwa" ke nufi ke nan. Ba abin da uwa ta ci ba ne, ba abin da ta sha ba, ba aikin da ta yi ba. Da shi aka haife ta, ita ma haka ta karɓa. Ni an auna ni, ina ɗauke da ita. Ni na ba Manaja. In akwai wadda za a tuhuma, ni ce ta farko a layi.

Amma Inna, maganar Auta ce ta fi damuna. In kina ɗauke da ita, Auta tana iya ɗauka, tana iya tsira, rabi da rabi ne. In ta ɗauka kuma cikin namiji ne, shi ma rabi da rabi. Likitar ta ce akwai allurar da ake yi wa jariri, amma sai an fara ta a kwanakin farko, kafin alama ta fito. Ba warkewa ba ce, kuma ba kowane yaro take karɓa ba, sai dai tana iya canza rayuwarsa gaba ɗaya. Manaja sai da ya kai wata tara aka gane. Ɓarnar ta riga ta auku.

Ba zan nemi Auta a bayan idonki ba. Amma watanta nawa? An san abin da za ta haifa?

Kin ce in sa masa safa. Ban gaya miki ƙafarsa ce ke fara yin sanyi ba. Ke kika sani.

Taki,
'yar Yayarki


12 ga Afrilu

'Yata,

Ina amsa gaisuwa. Kin ji ni shiru. Takardarki ta yi wata guda a ƙarƙashin tabarmar salla. Kullum in ɗauko in mayar.

To, ga abin da kika tambaya. Ina da shekara goma sha tara na haifi ɗa namiji a gidan mijina na farko. Lokacin ina ɗakin wankin otal, a ƙasa can inda babu taga. Mu takwas ne, injuna huɗu, da wata katuwar kwatarniya da ake jiƙa zannuwan gado a ruwan sinadarin da ke sa fari ya yi fari. Ni ce mai kwatarniya. Warinsa har cikin abinci nake ji. Sai da cikina ya kai wata takwas na daina zuwa, don mijin ba ya da aiki tsayayye.

Yaron ya zo da kyansa. Da ya yi wata uku sai abin ya fara, kamar yadda kika lissafa, ba ki bar ko ɗaya ba. Da gashinsa ya yi fari yana karyewa, uwar mijina ta shafa kansa ta shinshina hannunta ta ce, "Ai ga shi nan. Ta jiƙa mana yaro a kwatarniya tun yana ciki." Aka yi dariya, daga baya aka daina dariya. Mutanen layinmu suka sa masa Ɗan Tsoho. Ni kuwa na yarda da maganarta ɗari bisa ɗari, don na ga yadda ruwan nan yake cinye zare. Ya yi shekara biyu da wata ɗaya. Da rana tsaka ya tafi, a bayana, ina shanya. Ban sani ba sai da na kwance goyon. Bayan kwana arba'in aka ba ni takardata.

Na koma ɗakin wankin, na roƙi a mayar da ni wajen guga. Da na sake aure na sami cikin Auta, ranar da na gane, ranar na ajiye aiki har na yaye ta. Ta zo lafiya, na ce to, ashe dai kwatarniyar ce. Ban taɓa gaya mata tana da wa ba. Babanta ma ya rasu bai sani ba.

Yanzu ke kin zo kin ce ba haka ba ne. Na zauna na yi ta lissafi. Mahaifiyata ta haifi maza uku, ɗaya ne ya girma. Kakarki ta binne biyu. Babu wadda ta taɓa shiga otal a cikinsu. Tsofaffi sukan ce gidanmu ba ya riƙe maza, a yi tsaki a wuce. Ki gaya wa likitarki ta zana waɗannan.

Game da Auta, ki kwantar da hankalinki. An duba, an ce mace ce. Tunda haka ne ba sai na tayar mata da hankali yanzu ba, sai ta sauka lafiya.

Yaya Manaja? Yana iya haɗiya? Ki riƙa ɗaga kansa sosai in za ki ba shi, ki bi a hankali da ƙaramin cokali.

Innarki


21 ga Afrilu

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Daga asibiti nake rubuto miki, a kan gwiwata, ki yi haƙuri da rubutun. Kwanan Manaja shida a kwance, abinci ya bi masa ta hanyar iska ya zama ciwon ƙirji. Gadonmu na bakin taga ne, ana ganin inda masu shara suke wanke bokitai. Na ɗauki hutu daga makaranta. 'Yan ajina sun aiko da katin gaisuwa, sun zana shi da gemu da jakar ofis, wai ai manaja ne.

Na karanta labarin Ɗan Tsoho na yi kuka har matar gadon kusa ta miƙo mini ruwa. Shekara talatin da wani abu kina ɗauke da kayan da ba naki ba. Na kai wa likita lissafin mazan da kika yi. Ta cike zanenta, ta daɗe tana kallonsa.

Alhamdu lillahi da hoton asibiti ya nuna mace ce. Na gaya wa likitar, ta ce in dai hoto ya tabbatar, to babu gaggawa, yarinya ba ta cikin haɗari irin na namiji. Sai dai ya kamata Auta ta sani kafin ciki na gaba, ita ma jaririyar wata rana za ta buƙaci sani. Wannan na bar miki, ke kika san 'yarki.

Duk da haka ga kwafin takardar sakamakonmu na sa a ciki. Ita ce ke nuna daidai inda tangarɗar take a ƙwayar danginmu. Da ita, duk wanda za a auna ba sai an yi dogon nema ba. Lambar wayar likitar tana ƙasa da jan biro. Ki adana ta inda ruwa ba zai taɓa ba.

Taki,
'yar Yayarki


26 ga Mayu

'Yata,

Ina gaishe ki, ya mai jiki? Allah Ya sa an sallame ku. Daga gidan Auta nake rubutu.

Takardarki ta yi mako uku a shagon mai gyaran takalmi na bakin layinmu, inda ake ajiye mana wasiƙu. Ya tafi jinyar ɗan'uwansa ya kulle shagon. Da ta zo hannuna na buɗe a tsaye, ina zuwa inda kika ce hoton asibiti, sai na tsaya. Wane hoto? Ni ban ce hoto ba. Uwar mijinta ce da wata maƙwabciyarsu suka dubi yadda cikin ya baje ta gefe, suka ce mace ce. Abin da na ce an duba ke nan. Hoton da aka yi mata tun cikin yana ƙarami ne, ba a ga komai ba. Ke kin ji abin da kike so ki ji, ni ma na rubuta abin da zai ba ni hutu. Kada mu tsaya rabon laifi.

Washegari na hau motar farko. Na same ta a tsakar gida tana ninke kayan jarirai, ƙafafu duk sun kumbura. Ta yi murna, ta ce, "Inna, ai sai wata mai zuwa muka ce za ki zo." Na ce zauna. Na faɗa mata komai, tun daga kwatarniya har zuwa takardarki. Kin san ba na jin magana sai an ɗaga murya, to ranar ba ta buƙaci a roƙe ta ba.

Ta ce, "Ina da wa, kika bar ni ina cewa ni kaɗai ce?"

Na ce ina da dalili.

Ta ce, "Tun yaushe kika san maganar allurar nan?"

Na ce tun watan Maris.

Ta ƙirga da yatsu a gabana. Ta ce, "Wata biyu da rabi, Inna. Kina tsoron ɓacin raina, ba kya tsoron ran ɗana?" Ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Ban ga laifinta ba.

Mijinta mai gyaran firji ne, mutum mai sanyi kamar sana'arsa. Ya dawo ya same ni a kan dakali da jakata ban ko kwance ba. Ya karanta takardar sau biyu, ya ce, "Inna, ni ban gane rabinta ba, amma na gane lambar waya." Nan take ya kira. Da safe muka tafi babban asibiti mu uku, Auta a gaba, ba ta ko waiwayo ni. Likitan farko ya ce shi a littafi kawai ya taɓa ganin ciwon, amma bai yi girman kai ba, ya yi magana da likitarku ya fi rabin awa. Aka ɗebi jinin Auta, aka ɗebi nawa. Aka yi hoto.

Namiji ne, 'yata. Saura mako uku ko ƙasa da haka.

Har yau gaisuwa ce kawai tsakanina da ita. Amma jiya ta ajiye mini man zafi a bakin katifa.

Innarki


3 ga Yuni

Inna,

Na gaishe ki. Kafin takardarki ta iso Auta ta riga ta kira ni, ta karɓi lambata a wajen likita. Mun yi awa guda, rabinta kuka. Amma ke sai a takarda, don haka ga ni.

Na koma na duba wasiƙarki ta Afrilu. Gaskiyarki, babu hoto a ciki, ni na sa shi. Na gaji ne, ina neman labari mai daɗi ko guda ɗaya, da na hango shi ban tsaya tambaya ba. Har likita na kai wa shi a matsayin tabbas. In wani abu ya faru, da hannuna a ciki.

Ga halin da ake ciki. Likitocin biyu sun shirya. Ranar da aka haihu za a ɗebi jinin cibiya a tura, a kwatanta da takardarmu. Maganin ba a sayar da shi a kanti, wani ɗakin haɗa magunguna ne ke yin sa, an riga an nema. Sai an ajiye shi a sanyi, to wannan kam Allah Ya haɗa ku da mai sana'ar.

An sallame mu, sai dai an sa wa Manaja robar abinci ta hanci. Na koyi yadda ake ba shi. Ya rame, murmushin ma sai an yi sa'a. Babansa in ya dawo daga aiki yakan tsaya a kansa ya yi ta atishawar ƙarya har makogwaronsa ya bushe.

Na ce wa Auta, matar da take fushi da ita ta hau mota tafiyar yini guda da gwiwa mai ciwo, ta faɗi abin da ta kasa gaya wa mijinta har ya mutu. Sai ta tambaye ni ko kin taɓa gaya mini kamannin wanta. Na ce ta tambaye ki.

Taki,
'yar Yayarki


30 ga Yuni

'Yata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Manaja ya ƙara samun sauƙi. Na san Auta ta sanar da ke, amma ina so ki ji daga wajena.

Ta sauka ranar sha biyu ga wata, da hantsi. Yaro dogo, mai yawan kuka. Da aka miƙo mini shi, gashin kansa na fara dubawa. Baƙi wuluk. Na ce wa likita ai wannan lafiyarsa ƙalau. Ya ce, "Inna, naki ma ba haka ya zo ba?"

Kafin nan sakamakonmu ya fito. Ina ɗauke da ita, Auta ma haka. Na yaron ya zo ranar da ya cika kwana shida. Ya ɗauka. Auta ba ta yi kuka a gabansu ba, cewa ta yi, "Ina allurar?" A ranar aka fara. Sau biyu a yini, a ƙarƙashin fatar cinya. Ma'aikaciyar jinya ta koya mata a jikin lemo, ta koya wa mijin, ni ma na ce a koya mini. Suka ce hannuna zai yi rawa. Na ce hannun da ya yi shekara ashirin yana gugar kwalar riga bai ƙona ko ɗaya ba? Yanzu ta safe tawa ce. Mijin ya haɗa wani ƙaramin firji da batir, ya kafa masa doka, ko ruwan sha ba a sawa a ciki.

Likita ya ce kada mu yi saurin murna, sai watanni sun nuna. Na ji.

Ranar da aka ba ni takardata ta sakamako, na fita na zauna a benci a bakin ɗakin gwaji. Na zaci zan ji an sauke mini dutse. Sai na ji haushi ya taso mini, na uwar mijin nan da ta daɗe a ƙasa, na kaina da na yarda da ita. Can kuma sai na tuna mahaifiyata. Ita wa ya gaya mata? Me aka ce mata ta yi? Ta tafi da nata ba ta sani ba. A nan ne na yi kukan.

Auta ta tambaye ni kamannin wanta. Na faɗa mata. Yanzu muna hira.

Kin rubuta cewa ke kika ba Manaja, ke ce ta farko a layi. Kada in sake jin wannan daga bakinki. Ke kika koya mini ba haka ba ne, ba kuma zan yarda ki cire ni ki sa kanki ba.

Innarki


18 ga Oktoba

'Yata,

Assalamu alaikum. Wannan ita ce takarda ta huɗu da na fara, ukun na yaga.

Auta ta gaya mini tun ranar, a watan Agusta. Ta zo ta durƙusa ta faɗa mini a kunne. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya sa Manaja mai ceto ne, Ya ba ki haƙuri ke da babansa. Na so in zo, gwiwa ta hana, yaron nan kuma ba a barinsa. Na aika gaisuwa ta bakin Auta, amma na san ba ta isa ba.

Abin da ya hana ni rubutu kunya ce. Me zan ce miki? Naki ya tafi, namu yana nan, kuma ta dalilin naki ne. In na ba ki labarinsa kamar ina yi miki gori, in na ɓoye kamar na ci amana. Auta ta ce kin daina ɗaukar waya, ita ma ta rasa ta inda za ta ɓullo.

Ba zan ce miki ki daina kuka ba. Ni an ce mini haka, na daina a gaban mutane, ya koma ciki ya yi shekara talatin. Abu ɗaya na sani. Hannu ne yake daɗewa bai manta ba. Za ki riƙa jin lokacin ba shi abinci ya yi, ki miƙe, sannan ki tuna. Kada ki zaci hankalinki ne ya taɓu. Ki sami abin da za ki riƙe a wannan lokacin, ko wanki ne.

In ba kya son jin labarinmu, ki aiko da farar takarda babu rubutu, zan gane, ba kuma zan riƙe ki ba.

Innarki


2 ga Nuwamba

Inna,

Wa alaikumus salam. Na gode da ta'aziyya. Muna nan, da sauƙi wata rana, wata rana babu. Na koma makaranta makon jiya. Da ƙarfe goma, lokacin da nake ba shi abinci na biyu, nakan sa yara karatu da ƙarfi, in bi layi-layi ina duba littattafansu har abin ya wuce.

A gida ya rasu, da la'asar, a hannun babansa. Bai sha wahala a ƙarshe ba. Shekararsa ɗaya da wata biyar.

Ba zan yi miki ƙarya ba. Akwai ranakun da na ji zafin ku. Nakan ce me ya sa ba a sami wadda za ta rubuto mini ba ni ma, tun ina da ciki. Shi ya sa na daina ɗaukar wayar Auta, don kada ta ji shi a muryata. Ki ba ta haƙuri, zan kira ta da kaina.

Na ɗauko zanen likita na kwafe shi a babbar takarda. Na bi sawun 'ya'yan kakanninmu mata, na sami gida biyar da ban san su ba. Na rubuta wa uku. Ɗaya ta amsa da zagi, na ce ba komai, na saba. Sauran biyun ba ni da adireshinsu, jikokin ƙanwar mahaifiyarki ne, ke kaɗai za ki san inda suke. Ki taimaka mini. Likita kuma ta ce in ni da babansa mun shirya, mu zo ta zauna da mu kan abin da ke gaba. Ba mu shirya ba tukuna.

Ba farar takarda na aiko ba, kin gani. Ina son labarin ɗan Auta, duka, kada ki tace mini. Nauyinsa nawa? Yana bin mutum da ido? In kin kwantar da shi rub da ciki, yana ɗaga kai? Na ƙirga, ya kusa wata biyar. Ya wuce lokacin da nawa da naki suka fara, kuma ba ki ce ya fara ba. Na lura, Inna. Na karanta takardarki sau uku ina neman kalmar jijjiga, ban gan ta ba.

Wannan karon ba zan sa abin da ba ki rubuta ba. Ki rubuto mini shi ƙarara, da hannunki.

Taki,
'yar Yayarki